Shekarar da Baba Ya Sare Shingen Cindazugu

Da cikina na fari ya tsufa sai aka kai ni gida goyon ciki. Maigidana ne ya ɗauko ni daga Gusau a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya sauke ni a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi, ya durƙusa can nesa ya gai da Baba, ya juya. Na shiga ɗakin Inna na miƙe a tabarma, kuma zan iya cewa ban tashi sosai ba sai bayan watanni. Barci ne ya aure ni a lokacin. Ina cin tuwo ina gyangyaɗi, ana yi mini magana ina gyangyaɗi. Abin da ya faru a gidanmu a shekarar nan, rabinsa ido biyu na gan shi, rabi kuwa cikin barci ya riske ni, har yau ba na iya raba su tsaf.

Na tarar da Baba ya kamu da wani sabon ciwo, ciwon cindazugu, itacen nan mai farin ruwa da Kanawa ke ce wa bini-da-zugu. A rediyo ya kwaso shi. An ce gwamnati ta fito da tsarin samo man mota daga tsirrai. Rake da rogo za a tatsi wani ruwa a jikinsu a gauraya da fetur, 'ya'yan cindazugu kuwa mansu zai yi aikin dizal. An ce jihohinmu na wannan yanki, masu fili da rana, su ne za su fi kowa cin moriyar abin. Baba mutum ne da idan magana ta shige shi ba ta fita ta daɗi. Da ita yake karyawa, da ita yake zuwa masallaci, har abokansa suka fara canza hanya idan sun hango shi.

"Ashe bisa rijiyar mai muke kwana ba mu sani ba," in ji shi, yana nuna bayan gida da carbi. "Ku bari ku gani. Watarana daga Legas za a zo nan a yi layi."

Abin da yake nunawa shingen gonarmu ne. Gonar tana bayan gida, ta yi iyaka da burtali, wato hanyar da shanu ke bi su je mashaya su dawo. Tun daga bakin gida har gindin dutse, cindazugu ne ya tsaya a jere, ya fi tsayin mutum, ya sarƙe har akuya ba ta samun kafa. Dabba ba ta cin sa. Shanu sukan zo su shinshina su kau da kai, su wuce abinsu a layi, ko da makiyayin yana can baya yana hira.

Inna ce ta shuka shi, ita da ƙawarta, wata Bafillatana da mashekarinsu, wato rugarsu, ke ƙetaren burtalin, wadda muka taso muna ce wa Goggo. Shekara ɗaya aka kawo su amare, Inna daga wajen Magami, Goggo daga wani daji da ban taɓa riƙe sunansa ba. Ba wadda ta san kowa. A damina ta farko shanun su Goggo suka yi wa gonar ɓarna, maza suka yi ta kai ruwa rana, su kuwa matan suka samo rassan cindazugu suka bi iyaka suna kafawa, ɗaya na haƙa ɗaya na binnewa. Daga nan suka ƙulla ƙawance irin na da, da goro da shaidu. Tun daga lokacin ba a sake jin kan gonarmu da shanunsu ba.

Inna ba ta da 'yar'uwa a kusa, ni kaɗai ce 'yarta mace, ni ma an kai ni birni. Goggo ce mutuniyarta ɗaya tilo a duniya. Kullum da hantsi za ka ji sallamarta, ƙwarya a ka, ta sauke a gindin rumbu, su zauna su yi ta ƙus-ƙus, wani lokaci ma ba maganar, sai dai zaman. Su biyu suke tsince 'ya'yan shingen da kaka, Inna ta ciki, Goggo ta waje, su haɗa su yi sabulu su raba. Ni dai na sani idan aka cire Goggo daga rayuwar Inna, ba abin da zai rage sai turmi da tukunya.

Da farko ciwon Baba dariya ya ba su. Ya sa su a gaba sai sun tatso masa man ya gani da idonsa. Suka ɓare 'ya'yan, suka soya, suka kirɓa a wani tsohon turmi da ba a daka abinci a ciki, domin abin guba ne, suka yi ta murzawa da ruwan zafi kamar masu ƙuli-ƙuli. Goggo tana murzawa tana tsokanarsa.

"Malam, in motag ga ta sha ta yi zawo, ba ruwana hwa."

Aka samu kwalba guda, ruwan zuma-zuma. Baba ya tace shi da tsumma har ya gaji, ya aika a kira maigidana. Bawan Allah ya zo ranar kasuwar Tsafe da buhunan masara a baya. Motar nan ita ce abincinmu, ya sha kwana a layin gidan mai saboda ita, ko ruwan wanki ba ya yarda kowa ya zuba mata. Amma ina bakin da zai ce wa surukinsa a'a? Yana tsaye yana murmushin yaƙe Baba ya buɗe tanki ya yi bisimilla ya juye kwalbar a kan dizal ɗin da ke ciki. Na ga leɓen maigidana yana motsi, na san ba godiya yake yi ba.

Mota ta tashi. Baba ya ce sai kowa ya shiga an je Tsafe. Ni da shi a gaba, Inna da Goggo a kan buhuna, ƙwaryar nono a tsakaninsu. Ban taɓa yin tafiya mai daɗin wannan ba. Hayaƙin ya canza ƙamshi, ko kuwa hancina na mai ciki ne, na riƙa jin kamar ana suya a wani gida can nesa. Duwatsu suna bin mu a hankali ta hagu, shaho yana yawo a kansu, ɗan da ke cikina ya yi luf. Baba yana ta zuba, muryarsa tana zuwa tana komawa. Yana cewa daga nan har Tsafe za a shuke bakin hanya da cindazugu, kowace kasuwa a kafa injin matsa, manomi ya kawo buhu ya tafi da jarka. Ya ji an ce a Mali akwai ƙauyukan da da shi suke kunna injin niƙa. Na rufe ido na ga abin ƙuru-ƙuru. Na ga hanya kore shar, motoci suna tafiya ba ƙara, mata zaune a inuwa da kwalabe a gabansu kamar masu man gyaɗa, maigidana ya tsaya ya sayi mudu biyu ya zuba ya wuce. Ta gilashin baya kuma ina hango tsofaffin nan biyu sun riƙe ɗankwalayensu suna ƙyaƙyata dariya. Muka je muka dawo, motar ko tari ba ta yi ba, Baba bakinsa har kunne.

Da bazara aka kira taron manoma a Bungudu. Daga wajenmu sai ka ratsa Gusau kafin ka kai can, amma Baba tun da sassafe ya saka babbar rigarsa ya tsaya bakin titi. Da la'asar ya dawo yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Ya ce ma'aikata sun zo da takardu da hotuna, za a buɗe babbar gonar gwaji a bakin hanya, daga ita za a raba wa kowa iri. Abin da ya tsaya musu shi ne rassan dasawa, suna so da yawa kafin ruwa ya sauka. Shi ne ya miƙe a gaban jama'a ya ce su kwantar da hankalinsu, yana da shingen da babu irinsa a ƙasar nan, ya ba su kyauta. Aka tafa masa, wani babba ya riƙe hannunsa aka ɗauki hoto.

Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, ka hwaɗa ma mutanen ƙetare?"

"Mi za ni hwaɗa musu? Gonata ta, shingena na."

"Ba ni ɗai na shuka shi ba."

"To ai ba tumɓukewa za a yi ba. Sara na. Ruwa na sauka shi tohu, kahin hatsi shi kai gwiwa ya rufe."

Inna ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuma raina ya ɓaci, domin na san Baba ba mugu ba ne, tafin da aka yi masa ne ya toshe masa kunne. Da ya taka ya ƙetara burtali ya ce wa mijin Goggo, wanda muke kira Baffa, ga abin da ake ciki, da sun san yadda za su yi da shanunsu. Tafiyar ba ta kai ta zuwa masallaci ba, amma bai yi ta ba.

Aka zo da babbar mota da masu adduna. Su aikin da aka ba su rassa ne, gwargwadon tsawon reshe gwargwadon yawan gutsattsarin da za a samu, don haka suka bi shi tun daga ƙasa. Ina kwance ina jin saran kamar ana daka a gidan maƙwabta. Da na fito da yamma sai na ga gidanmu tsirara. Daga bakin ɗaki kana hango burtali, kana hango bukkokin su Goggo da hayaƙinsu, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Kututture ne a jere iya idon sawu, farin ruwa yana tsattsafowa a kansu. Washegari Goggo ta zo da ƙwaryarta, ta tsallako ta kan kututturen maimakon ta zagayo ta ƙofa. Ta ce, "An yi aiki." Inna ta ce, "An yi." Suka zauna.

Da ruwan farko na haihu, namiji. Kasancewarsa ɗan fari, ni kunya ta hana ni ko kallonsa a gaban mutane, don haka ya zama na tsofaffin nan biyu. Goggo ta ce angonta ne, kowa ya kauce. Ita ke kawo man shanun da ake shafa masa, ita ke taya Inna hura wutar ruwan wankan jego, ita ke danna bayana da ganyen darbejiya har in yi ƙara ta ce in yi shiru, ba a kaina aka fara ba. Bayan wanka a ɗura mini kunun kanwa, in koma kan gadon ƙasa mai ɗumi, duniya ta yi nisa. Ruwa yana sauka a kan jinka, ƙamshin ƙasa yana shigowa, ina jin Goggo tana yi wa yaron waƙa da Fillanci. Ta ƙofar ɗaki ina ganin hatsi yana tashi kore, kututturen shinge ma sun tofo kamar yadda Baba ya faɗa, sai dai tohon bai wuce tafin hannu biyu ba hatsin ya riga shi girma.

Shanun nan tun kakanninsu ba wanda ya taɓa kore su daga gonarmu, shinge ne yake yi. Makiyayan ma sun saba idan an iso nan su sarara. Ran nan da hantsi garken ya iso, babu abin da ya tare shi, ya bi ta kan toho ya shiga. Kafin a ankara sun share kusurwar gonar.

Da azahar Baffa ya yi sallama, dogo, siriri, malfa a hannu, yana janye da karsana. Ina jin su daga ɗaki. Ya ce ɓarna ta faru, ga wannan a karɓa. Baba kuwa ya san inda laifin yake, kunya ta kama shi, sai ya rufe ta da fara'a.

"Haba Malam, mi anka yi? Tsakaninmu? Wallahi ba ni karɓa. Na yahe duniya da lahira."

Baffa ya nace, Baba ya rantse. Baffa ya koma da karsanarsa kansa a ƙasa. Baba ya shigo gida yana jin ya yi abin kirki, ya tarar da Inna tsaye, idonta ya kaɗa.

"Da ka karɓa," in ji ta.

"In karɓi dabbar maƙwabci kan laihin da ni na jawo?"

"Ai da ka hwaɗa mai hakan. Ba ka ce laihinka na ba, cewa ka yi ka yahe. Yanzu ka ɗora mai kaya, kuma ka hana shi saukewa."

Su Baffa suka ƙara masu tsaro, Baba ya sa aka jera ƙaya. Amma iyakar tana da tsawo, ƙaya kuma ba ta kai ko'ina ba. Ba a daɗe ba wata saniya mai ɗan maraƙi ta ɓalle, wasu suka bi ta. Wannan karon ɓarnar ba ta kai ta farko ba. Baffa ya sake zuwa da karsanar, Baba ya sake rantsuwa, har da dafa masa kafaɗa. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya je wajen mai gari.

Washegari Goggo ba ta zo ba. Inna ta hura wutar wankana ita kaɗai, tana yi tana kallon ƙetare. Rana ta biyu ma haka. Na ce ta je mana, ga bukkokin nan ana gani. Ta ce da wane ido? An sare abin da suka shuka tare tana tsaye ba ta hana ba, matar nan fushi take yi, kuma tana da gaskiya. Ta ce a bari ta huce. Na yi mata faɗa irin wanda 'ya ba ta yi wa uwa, ta ce in ji da jegona.

Ranar da ta yanke shawarar zuwa, ta yi waina ta zuba a kwano, ta goya yaron, ta ƙetara. Ina tsaye bakin ɗaki ina kallonta, tun da babu abin da zai tare mini. Na ga ta isa, ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Sai a lokacin na lura babu hayaƙi. Bukkokin suna nan, amma an kwashe komai, sun tashi tun kafin gari ya waye. A tsakiyar mashekarin an kafa turke an ɗaure karsanar nan, an ajiye mata ruwa a kasko. Inna ta kwance ta ta janyo ta har gida, ta miƙa wa Baba igiyar. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci ɗaya.

Gonar gwajin na sha wuce ta bayan na koma Gusau. Rassanmu sun kama, sun yi kyau shekarar farko. Injin matsar da aka ce za a kawo ne bai zo ba, masu sayen 'ya'yan ma ba a gan su ba, ma'aikatan aka mayar da su wani aikin. Daga baya rediyo ya koma maganar rake, yanzu kuma ana ta batun tukunyar gas a bayan mota. Ni har gobe ban ce mafarkin Baba ƙarya ba ne, domin na shiga motar da ta sha man nan ta kai ni Tsafe. Duk lokacin da maigidana ya dawo gidanmu na unguwar Damba a Gusau yana ƙorafin tsadar dizal, sai hanyar nan kore ta faɗo mini a rai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tsarin sun ƙirga fili, sun ƙirga rana da ruwan sama, amma a wajensu cindazugu itace ne da ke tsaye ba ya aikin komai, ba wanda ya tambaya me yake yi a inda yake.

Inna kuwa sai ta tsiri son kasuwa, matar da a da sai a shekara ba ta taka titi ba. Duk ranar da maigidana zai bi ta wajensu sai ta ce ya tsaya ya ɗauke ta. Gusau, Magami, Bungudu, duk ta je. Ba ta sayen komai. Rumfar masu nono take nufa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuska, tana kwatance: doguwa, mai wushirya, tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. A ce ba a sani ba, ta yi godiya ta dawo mota ta zauna.

Bayan shekara ta zagayo na bi su kasuwar Tsafe, yaron yana hannuna. A can ƙarshen layi wata mata ta saurari kwatancen ta ajiye ludayi. Ta ce ta san ta, sun yi zama wuri ɗaya da rani, amma su Goggo sun yi kudu da nisa, ba ta san inda suka yada zango ba. Ta ce Goggo kullum zancenta wata 'yar'uwarta Bahaushiya da ta baro a gindin dutse.

Inna ta durƙusa a gabanta. Muryarta ta yi ƙasa har sai da na matso.

"Har yanzu tana hushi da ni?"

Matar ta dube ta da mamaki.

"Hushi? Ai ita cewa ta yi ke ce kike hushi da ita. Shanunsu sun cinye hatsin da za ki ci da mai jego, har sau biyu. Ta ce ta jira ki aiko ko da yaro na, ba ki aiko ba."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, cikin ƙafafun mutane. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Can ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro guda ta sa a hannun matar ta rufe da nata.

"In Allah ya sa kun haɗu, ki ba ta. Ki ce mata angonta ya hwara tahiya."

Matar ta ce to, in sha Allahu, amma su bana ba kudu za su yi ba.